Ba Santsi Ba Ne, Tuntuɓe Ne

Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da na riƙe a ciki fiye da shekara hamsin, ko 'ya'yana sai makon jiya suka ji ta. Yau zan faɗa muku.

Na taɓa yin kuturta, kuma na warke.

A Sabo aka haife ni, nan Ibadan. Shekarar da aka fara yaƙin basasa ina saurayi, ina aiki a siton goron kawuna, ina ɗaurin huhu da lodi.

Faɗuwar farko a ƙofar siton ce, na gurje gwiwa. Ta biyu a bakin kwata, goshina ya fashe har aka yi mini ɗinki a asibiti. Kowa ya ce damina ce, ga jiƙaƙƙen ganyen goro ko'ina. Ni ma da nas ta tambaye ni, cewa na yi santsi ne ya kwashe ni. Lokacin an cika asibitin da sojojin da aka kawo daga bakin daga, likitoci ba su da yawa. Wa zai tsaya bin diddigin faɗuwar ɗan goro?

Ta uku na faɗi da huhu a kai, wuyan hannuna na dama ya karye. Aka yi hoto, aka sa filasta, aka tura ni ofishin kati.

A can na tarar da akawun, wata Bayarabiya mai tabarau, da katon littafi a gabanta cike da lambobi. Ta zaro tsohon katina ta daɗe tana dubawa.

Ta yi mini sannu da Yarabanci, ta ce, "Pele, Malam. Sau uku cikin wata huɗu, duk santsi?"

Na ce e.

Ta ce, "Kowace faɗuwa da lambarta a littafin nan. Wanda ƙasa ta zame masa daban, wanda ƙafarsa ta ci karo da wani abu daban. Kafin in rubuta, faɗa mini. Baya ka faɗa ko gaba?"

Na ce gaba.

"Duka ukun?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya a raina. Duka ukun da fuska na kifa. Kuma duka babban yatsan ƙafata ta hagu ne ya kama dokin ƙofa ko dutse. Sai na tuna ma silifas ɗina ya sha sulluɓewa ina tafiya ban sani ba.

Ta soke abin da aka rubuta, ta sa tuntuɓe, ta ƙara layi biyu a ƙasa, ta tashi da kanta ta kai wa likita katin.

Likitan ya ce in ɗaga tafin ƙafata sama. Ta dama ta ɗagu, ta hagu ta ƙi. Ya sa na cire riga, ya ga wani tabo fari-fari a bayana wanda ban san da shi ba. Ya ce in rufe ido, ya shafa mini auduga a wurin, ya taɓa da tsinin allura. Ban ji komai ba. Suka ɗan tsaga fatar kunnena suka kai gwaji.

Bayan kwana biyar ya faɗa mini sunan ciwon. Ya ce, "Ka zo da wuri. In ka riƙe magani, yatsunka ba za su taɓu ba."

Ban hau mota ba ranar. Da ƙafa na dawo ta unguwar Mokola, ina kallon hannuwana.

Kawu ya ce kada maganar ta fita, don ba mai sayen goron da kuturu ya ɗaura. Aka ba ni ɗakin baya, da kwanona daban, butata daban. Aka ce wa mutane karaya ce ta ƙi warkewa.

Abokaina sun zo sau biyu, aka ce musu ina barci, suka daina zuwa. Masallaci na bayan katangarmu, ina jin tayar da iƙama, ina jin tarin liman, amma ni kaɗai nake salla. Yini guda ba mai ce mini uffan sai rediyo da labarin yaƙi. Inna, mahaifiyata, takan ajiye tuwo ta zauna a bakin ƙofa, ta ce, "Ka ci, ina nan." Ba ta shiga, amma ba ta tashi sai na cinye.

Wata takwas na yi a ɗakin nan.

Maganin ƙwaya ce fara ƙarama, kyauta ake ba mu, ranar Talata nake zuwa karɓa. An yi mini takalmi mai roba da ke ɗaga mini yatsu. Kullum in jiƙa ƙafa a ruwa, in shafa mai, in duba ko na ji ciwo ban sani ba. Har aka gama yaƙi ina shan ƙwayar, na ƙara wasu shekaru a kai, kafin likita ya ce na warke sarai.

Na yi aure, na yi jikoki. Yatsuna ashirin cif. Ƙafar hagu ce kawai har yau nake ɗan ja.

Bayan na warke na koma ofishin katin don in yi wa matar nan godiya, aka ce an yi mata canjin wurin aiki. Ko sunanta ban sani ba. Allah Ya saka mata, Ya jiƙan Inna.

Shawarata, in kun faɗi ko tsohonku ya faɗi, kada ku ce "na faɗi" kawai. Ku faɗi inda abin ya faru, me kuke yi, zamewa ce ko tuntuɓe ko jiri, kuma karo na nawa ne. Ku tabbatar an rubuta yadda kuka faɗa, ku adana katinku. In kun ga tabo a jiki da ba ya jin taɓi, ku je asibiti, maganin yanzu ma ya fi namu sauri.

In kuma akwai mai wannan ciwo a gidanku, likita ya gaya mini wanda ya fara shan magani ba abin gudu ba ne. Ku shiga ɗakin, ku zauna kusa da shi.