Akun Surukata

Shekarar da aka kawo ni gidan miji a Badafi, na tarar da tsofaffi biyu da zan yi wa bauta: surukata, wadda muke kira Inna, da wani aku mai baƙin hali. Marigayi mijinta ne ya sayo shi wurin wani falke a Riruwai, lokacin da yake haƙar kuza. Mijin nata ya mutu ya bar gona da garma, da akun nan da ya kwashe muryarsa kaf, har da tarinsa.

Kada ku zaci wata maganar arziki ya haddace. Ba salati, ba sallama. Da ya hango Inna ta gifta sai ya buɗe baki da muryar tsohon: "Ke! Miyar nan ba gishiri!" Abin da ta sha ji ke nan duk zaman aurenta. An binne mai faɗan, amma faɗan ya ƙi bin sa kabari. Ni haushi abin yake ba ni. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta wuce, kamar yadda aka ce ta saba yi wa mai muryar.

Ana nan sai yanar ido ta rufe idanun akun. Ya riƙa faɗowa daga kan sandarsa, ya kai wa gyaɗa sara ya sari iska. Tunda ba ya ganin giftawar Inna, sai ya yi shiru ɗif. Na ce a raina, madalla, kunnuwa sun huta. Ashe aiki ne ya same ni. Ni ce mai tauna gyaɗa in ɗura masa, ni ce mai tsoma bakinsa a ruwan sakaina, ni ce mai korar muzuru. Ladana cizo a yatsa. Kejinsa kuwa an hana a gusar da shi ko kaɗan, wai kada mai martaba ya ruɗe.

Abin da ya tsorata mu shi ne Inna. Tun da akun ya yi shiru ta daina cin abinci, sai ta wuni gaban keji tana jira a yi mata faɗa, tana ramewa muna kallo. Ta rambaɗa masa kwalli da hannunta, ya fito sak amarya. Maigidana ya taka har Kiru ya karɓo rubutu, aka ɗura wa tsuntsu, ya feso mini a fuska. Wanzami ma ya zo, ya ce shi bai taɓa yi wa mai fiffike aiki ba, amma sai da ya tashi da malmalar tuwonmu biyu kafin ya tuna da haka.

Wata safiya sai ga Inna ta fito daga ɗaki da awarwaronta a hannu, waɗanda ta tuɓe ranar da ta shiga takaba ba ta ƙara sawa ba. Su ne suke ƙara duk sanda ta kai wa mijinta tuwo. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna ƙus-ƙus, wai tsohuwa ta shiga kasuwar zawarci. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ɗauko akushin marigayi, ta zuba tuwo da miyar kukar da na kaɗa, ta nufi keji awarwaro na ta ƙara.

Akun ya karkata kai. Ya yi tarin nan. Sai muka ji: "Ke! Miyar nan ba gishiri!"

Inna ta tsaya cak, hawaye na zuba. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba. Ta dubi makahon tsuntsun ta ce, "Da gishiri, Malam. Kullum da gishiri nake kawo maka. Bakinka ne."

Ta zauna nan gaban keji ta cinye tuwon tas, har da suɗe yatsu. Sannan ta miƙo mini akushin ta ce in ƙaro mata, kuma in daure in ƙara gishiri.