Kawu Labbo da Bahagon da Bai Kama Ba

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Kawu Labbo a Sabon Birni ya san maganar goro. Baƙo na sallama, kafin ya gama tuɓe takalmi, Kawu zai zaro goro daga aljihu ya wurga masa. In ka cafe da dama, ya nuna maka tabarma. In ka cafe da hagu, ya zaro fensir daga bayan kunne ya tambayi asalinka. Ko da wane hannu ka cafe kuwa, goron sai ka mayar masa. Guda ɗaya ne, ya bushe ya yi baƙi kamar tsakuwa.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, don haka na san dalili. Zamanin Turawa, Kawu na ɗan shekara bakwai, an yi wani mutum da ke tare mata a hanyar Isa ranar kasuwa, da rana tsaka, ya shaƙe su da igiya. Mata biyar ya kashe cikin damina biyu, sannan abin ya tsaya, ba a taɓa sanin ko wane ne ba. Abin da dattawa suka iya faɗa kawai shi ne ƙullin igiyar na bahago ne. Ta huɗu a cikin matan ita ce mahaifiyar Kawu. An sami gawarta cikin gonar gero da jaririya goye a bayanta, jaririyar da ranta. Jaririyar ita ce Innata.

Tun da Kawu ya fara koyarwa a firamare ya soma rubuta labarin a littattafan 'yan makaranta. Ya ƙirƙiro wani dogari mai wayo da ke bin sawun mai kisan. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya karanta wa abokansa babi guda a zaure.

Ranar da Sani, wanda ya zama mijina, ya zo gaishe shi, tsautsayi ya sa ya cafe goron da hagu.

Kawu ya ce, "Wa ak kakanka?"

Sani ya ce, "Kawu, ai sa'ad da anka yi abin ga ko babana ba a haifa ba."

"Shi ya sa nit tambayi kakanka."

"Makaho na tun haihuwa, Allah shi jiƙan shi."

Kawu ya rubuta a hankali, ya ɗago ya ce, "Makaho ya fi kowa iya ƙulli." Sai da Inna ta zo da kanta ta yi masa magana kafin ya yarda aka sa rana.

Abin da ya hana littafin ƙarewa shi ne mai kisan ba ya zama mutum ɗaya. Duk wanda ya ɓata wa Kawu rai, shi dogari zai kama. Wata rana Mamman mahauci ya cika masa ƙashi a maimakon tsoka. Juma'ar nan sai ga mai kisan ya fito mahauci, har da giɓi a gaba irin na Mamman. Washegari Mamman ya iso da hanta ƙunshe a takarda.

Ya ce, "Malam, ka rufa man asiri. Mata sun bar sayen nama gare ni."

Kawu ya karɓi ƙunshin, ya jinjina shi a hannu, ya ce, "Dogari ya sake bincike. Shaida ba ta isa ba."

Bayan Mamman an kama tela, an kama wanzami, har da wani ɗan kabu-kabu da ya watsa masa ruwan taɓo. Na ce, "Kawu, zamanin nan akwai babur?" Ya ce, "Kakanai na da jaki. Halinsu guda."

Wata shekara ya ji labarin wata tsohuwa a Kamarawa, Tumba, wadda tana cikin matan da suka fara ganin gawar mahaifiyarsa. Ya ce za shi, na ce za ni raka shi. Muka same ta tana shan hantsi, kunne ya tafi.

Kawu ya ɗaga murya: "Kin ga mutumin? Dogo na ko gajere?"

Ta ce, "Awo, gero ya yi tsawo shekaran nan."

Dariya ta kama ni har na ɓoye fuska cikin mayafi. Sai tsohuwar ta ci gaba da maganarta: "Ni nik kwance jaririyar. Tana ta tsotson bakin zane. Ina da goyo lokacin, sai nib ba ta nono har munka iso gari. Ta rayu kuwa?"

Kawu ya nuna ni da fensir. Ranar bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Daga shekarar har Tumba ta rasu, duk kaka sai ya aika mata buhun gero. Ya ce da ni, "Hadiza, in kinka faɗa ma kowa kin ɓata man suna."

Da 'yan bindiga suka addabi ƙasar nan, mutanen Gatawa da ƙauyukan kusa suka cika gari, wasu a zauren Kawu suka sauka. Wata Juma'a yana cikin karatu, wani dattijo a cikinsu ya ce a hankali, "Malam, mata biyar cikin damina biyu? Mu safiya guda munka rufe waɗanda sunka fi haka."

Kawu ya rufe littafin, ya buɗe wani, ya ce, "Faɗa man sunansu."

Daga nan bai ƙara karanta babi ba. Duk wanda ya iso sai ya zaunar da shi ya rubuta sunan wanda aka kashe masa, da sunan uba, da ƙauye. Da takarda ta ƙare, Kawu kuwa ba mai sayen sabon abu ba ne. Na shigo wata safiya na tarar yana goge labarinsa shafi bayan shafi.

Na ce, "Kawu, aikin shekara nawa kaka gogewa?"

Ya ce, "Wagga ƙaryata ta, in na so in sake ta. Waɗanga in ban rubuta ba, wa za shi rubutawa?"

Cikin ciwon ajalinsa, ina ba shi kunu da hantsi, na tsokane shi ko zai yi dariya. Na ce ya faɗa min a kunne wanda dogari zai kama a ƙarshe.

Ya ce, "Ban sani ba, Hadiza. Ban taɓa sani ba. Na zana fuskar mahauci, na zana ta tela, duk na iya. Fuskar mahaifiyata ta ɓace man tun ina yaro. Kullum nika cewa in na zauna rubutu za ta dawo."

Kwana uku bayan nan ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa tsokanar da ya yi wa bayin Allah. Allah ya jiƙan waɗanda ya rubuta sunayensu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ya Allah ka haɗa shi da mahaifiyarsa, ka sa ya gane ta.