Kawu Ilu, Mai Tsoron Danshi a Sabha

Duk wanda ya san Kawu Ilu ya san ba a shiga ɗakin gwajinsa da baki buɗe. Kana sallama zai daka maka tsawa: "Rufe baki, ɗan nan! Numfashinka ruwa ne!" Mutum a tsakiyar Sahara, wai ruwa yake tsoro!

Aikinsa a jami'ar garin Sabha shi ne ya narka gishirin batir cikin roba, ya busar da ita ta yi falle kamar ledar burodi, ya haska mata hasken infrared da ido ba ya gani. Na'ura ta zana layi mai tuddai a allo, shi kuma ya karanta ko ƙwayoyin gishirin sun rabu suna kai wuta, ko sun manne. "Dubi 'yan banza, sun rungume juna, aiki ya tsaya!" Danshi kaɗan ya shiga kuwa, sai awon ya lalace.

An ba shi aiki a Tarabulus, ya ce, "Bakin teku? Ku kashe ni mana ku huta."

Ranar da amininsa Alhaji Mustafa direba ya kawo masa shayi har ɗaki, Kawu ya tare ƙofa da ƙirji. "Alhaji, tururi!" A rana suka sha, a tsaye. Da aka yi yayyafi wata shekara, duk unguwar Sukra na waje ana murna, Kawu na ciki yana toshe taga da rigarsa ta Juma'a.

Muna dariya, amma mun san dalili. Ƙishirwa ce ta kashe ƙanensa a hanyar Agadas, da zafi ya ƙafar da ruwan batirin motarsu ta ƙi tashi. Shi ya sa ya rantse sai ya yi batirin da babu ruwan da zai ƙafe a cikinsa.

Falle na ƙarshe bai samu aunawa ba. Yana kwance a asibiti, ciwon ajali, ya ce da ni, tunda aikinmu ɗaya, "Kai za ka auna. Kukanka ka yi shi a waje."

Bayan sadakar uku na auna. Ƙwayoyin sun rabu tsaf! Amma ga ƙaton tudu mai nuna danshi a gefen zanen, don ban iya kai kukan waje ba. Na san abin da zai ce: "Hawayenka ne suka raba su. Sake!"

Ina nan ina sakewa, Kawu, baki rufe. Allah ya jiƙanka, ya yayyafa wa kabarinka ruwan rahama. Wannan danshin kam kada ka tare masa ƙofa.