Itaciyar Bayan Gidan Gwaggo Hajja

Ranar wata Laraba ce, kwana huɗu bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji uku a firamare. Lallen ƙafafunmu bai ma fara koɗewa ba. Ni da ƙanwata Falmata muna bayan gidan Gwaggo Hajja a Gashua, inda aka kawo mu hutu daga Nguru, muna wasan girki da gwangwanin tumatir. Ni ce uwa, ita ce 'ya. Inuwar da muka samu ta wata 'yar itaciya ce mai siraran ganye masu sheƙi, furenta rawaya kamar ƙaramin mazurari, 'ya'yanta koraye, ba su kai lemun tsami girma ba. Na tsinko ɗaya, farin ruwa ya ɗigo mini a yatsa. Na ɓare na iske ƙwallo mai tauri, na ɗora a dutse na fasa yadda muke fasa ƙwallon aduwa, farar ƙwaya ta fito. Na ce, "Ungo gyaɗarki, 'yata." Shekarunta huɗu. Da hannu biyu ta karɓa, ta gutsura, ta yamutsa fuska ta tofar da wani, wani kuwa ya riga ya wuce.

Ba rashin tarbiyya ba ne, wallahi. Mun san tumfafiya, mun san abin daji mai farin ruwa ba a kai shi baki. Amma wannan ai a cikin gida take. A gidanmu na Nguru ruwa ba abin wasa ba ne. Kafin mu tafi makaranta sai mun cika randuna biyu, wuyanmu na ciwo. Ruwan alwala gindin zogale yake tafiya, ruwan wankin gero na rama ne da yakuwa, kuɓewa tana bakin magudana, lalle yana jikin danga. Kakarmu takan ce, "Wanda ya ɗauko ruwa a ka ba ya shayar da abin da ba zai shiga tukunya ba." Da wannan muka tashi. Duk abin da ka ga ana ba shi ruwa, to ko ci ake yi ko magani. Ni kuwa kullum da safe ina ganin Gwaggo da bokiti tana kwarara wa itaciyar nan. Gidan na kwatas ɗin ma'aikatan gwamnati ne, wani ma'aikaci da aka yi wa canji ya dasa ta, Gwaggo ta tarar da ita ta ci gaba da shayarwa don tana jin kunyar abu ya mutu a hannunta. Ita ma ba ta san mece ce ba.

Bayan la'asar Falmata ta fara amai. Yawu na dalala, hannayenta suka yi sanyi, aka ɗaga ta wuya ya langaɓe. Gwaggo ta zaci cincin da naman Sallah ne, ta tambaye ni me yarinyar ta ci, na ce ban sani ba. Na zagaya baya na tone ƙasa na binne ɓawon. 

A asibiti likita ya daɗe da abin awo a ƙirjinta. Ya ce zuciyarta tana bugawa a hankali ƙwarai, kuma in ba a san abin da ta ci ba, lalube kawai zai yi. Gwaggo ta fito baranda ta durƙusa a gabana. Sunan mahaifiyarta gare ni, ba ta taɓa kirana da shi ba.

"Uwata, dubi idona. Ba mai taɓa ki. Me kuka ci?"

Na ce, "Gwaggo, wadda kike ba ruwa."

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta hau babur ta je ta karyo reshe, kafin likita ya fito daga wani ɗaki reshen ya zaga hannun duk wanda ke barandar. Wani dattijo masunci da ya kawo matarsa ya sunsuna ya ce ya san ciyayin fadama kaf, wannan ba ta cikinsu. Wata tsohuwa mai sayar da sassaƙe ta juya ganyen ta ce, "Baƙuwa ce, ba 'yar dajinmu ba." Wata kuma ta ce ai fure ne kawai, fure ba ya kisa. Likita na ganin reshen fuskarsa ta sauya. Ya faɗi wani suna da Turanci, ya ce ganyenta da furenta da ƙwayarta duk guba ne, har hayaƙin itacenta. Ya tambaye ni nawa ta haɗiye, na nuna masa rabin farcena.

Kwana uku Falmata tana kwance da ƙarin ruwa a hannu, Gwaggo na zaune a tabarma da carbi. Ran na huɗu da hantsi ta buɗe ido ta ce tana son fura. Gwaggo ta sa aka sare itaciyar aka tone saiwar, aka kai bayan gari aka binne. Ba wanda ya dake ni. Da an dake ni ma ina ga da ya fi mini sauƙi.

Falmata yanzu tana aji biyar a sakandare, ba ta tuna komai. Ni ce ban warke ba. Shekaranjiya na je ɗauko 'yata daga makaranta a nan Nguru, na ga an jera irin itaciyar nan a bakin ƙofa, an zagaye gindinta da farin fenti, yara na tsintar ƙwallayen suna carafke da su. Uku na samu a aljihun 'yata. Na doke hannunta, na yi ihun da ban san ina da shi ba, iyaye suka tsaya suna kallona. Malamin da ke bakin ƙofa ya ce, "Haba Hajiya, ado ne fa."

Da, yaro yakan zaga tsakar gida ya tsinki abin da ya ga dama ya kai baki, ba wanda zai ɗaga kai daga turmi. Yanzu gidaje sun yi kyau, ruwa ya zo a famfo, muna shayar da abin da ba mu san asalinsa ba. Na tambayi tsofaffi sunanta da Hausa, na tambaya da Barbarci, ba wanda ya ba ni. Abin da ba shi da suna a bakinmu, da me za ka ja wa yaro kunne a kansa?