Ƙafar da Armiya'u ke Buga Kik da Ita

"An ce maganin ko suna bai da."

"Lamba kawai anka rubuta mishi, kamar mota."

"To mi ya kai shi yarda?"

"Kai da anka ce za a yanke maka ƙahwa, tsayawa za ka yi tambayar suna?"

A tashar 'yan kabu-kabu ta Kurya Madaro ake wannan hira, kuma da Armiya'u ake. Shekararsa ashirin da bakwai yana jigila a kan mashin tsakanin Kurya da Kaura Namoda. Ya ɗauki masu naƙuda, ya ɗauki buhunan gero, ya taɓa ɗaukar ɗan maraƙi a ɗaure. Ranar da 'yan bindiga suka tare hanya, shi ya saki titi ya ratsa gonakin dawa da wata tsohuwa a bayansa har ya kai ta gida. Tun yana saurayi bai ƙara zama a bayan kowa ba. Cewa yake yi yaran yanzu da ido suke tuƙi, shi kuwa da kunne, don yana jin abin da hanya ke ciki tun kafin ya gani.

Ciwon suga ya same shi shekara shida da suka wuce, a hankali ƙafafunsa suka daina ji. Wata Talata ya ɗora tafin ƙafar dama a kan salansar mashin mai zafi yana jiran fasinja, bai sani ba sai da wani ya ce yana jin ƙauri. Ƙunar ta zama gyambo. Wata biyar ana wankewa ana ɗaurewa, ta ƙi rufewa, har likita ya fara maganar yanka.

Sai aka ce wasu masu bincike sun zo wani asibiti a Kaura suna gwada sabon man shafawa na irin wannan miki. Ma'aikaciyar jinya mai suna Laila ta zaunar da shi, ta yi masa bayani dalla-dalla.

"Baba, gwaji ne. Zai iya yi, zai iya ƙin yi. Wasu za a ba su sabon, wasu wanda aka saba, ni kaina ban san wanne za ka samu ba. Sati goma sha biyu, duk Litinin ka zo mu auna. Sharaɗi ɗaya ne: ba taka ƙafar nan. A kawo ka, a mai da kai."

Ya dangwala yatsa a takarda.

Duk Litinin takan ɗora wata leda mai haske a kan mikin ta zana girmansa da biro. Sati uku na farko zanen ya yi ta tsukewa. A na huɗu ya tsaya. A na biyar ya buɗe, ya wuce na biyu. Laila ta juya tsohon bandejin, ta kai shi hanci.

"Wa ke kawo ka, Baba?"

"Yara."

"Yaran ne ke shafa maka baƙin mai a bandeji? Dubi nan, shatin ƙarfen kik ne."

Gaskiyar ita ce, sati uku na farko motar wani maƙwabci Armiya'u ya samu, da ta lalace sai ya koma kan mashininsa. Da ƙafar dama ake buga kik, da ita ake taka birki. Yakan ajiye mashin bayan katangar asibiti wajen mai shayi, ya ciro sanda, ya shigo yana ɗingishi.

"Zuwanka shi ke buɗe ciwon," in ji Laila. "Kuma yanzu ba mu san ko maganin ne bai yi ba, ko kai ne. In Litinin mai zuwa na ga ya ƙaru, dole in rubuta, su cire ka, ka koma wajen likitan yanka. Yau ma ba za ka tuƙa ba. Ba ni makullin."

Ya miƙa mata. Ta ce ya zauna a benci har ya samo wanda zai mai da shi gida.

A bakin ƙofar asibiti mutumin Kurya ɗaya ne kawai ya kawo fasinja: Jaji, taubashinsa, wanda Armiya'u ya yi shekaru yana kira Sarkin Faɗuwa saboda ya taɓa zubar da tiren ƙwai a kan gada. Jaji ya hango shi zaune ba makulli, ya kashe mashin ya matso.

"A'a! Sarkin hanya, yau ina dokin naka? Ko shi ma sun kwantar da shi?"

"Kai dai ba ka da kunya."

"Ni ina ruwana. Tahiya za ni yi, in isa gida in ce na ga Armiya'u shina zaune kamar kayan da anka manta."

Armiya'u ya dubi sabon bandejin, fari tas. Jaji ya buga kik, mashin ya tashi. Sai Armiya'u ya ɗaga sandarsa, ya yi magana da ƙarfi har mai shayi ya waigo.

"Jaji! Tsaya. Goya ni ka kai ni gida, kuma ka riƙa zuwa ɗaukata duk Litinin har sati bakwai. Ka hwaɗa ma kowa in ka so, amma don Allah in mun kai gada ka rage wuta."