Katafilar da Ba Ta Ɗaukar Zafi

Aikina gyaran manyan injuna ne, kuma a Magazin na koya, unguwar garejoji, inda yawancin fitocin Kumasi, wato makanikai, ke koyo. Abin da zan rubuta ya faru ne da damina, shekarar da wani Alhaji na unguwarmu, mai fataucin goro, ya sallami direban katafilarsa bisa zargin satar dizal.

Direban maƙwabcina ne a Zango, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Magidanci ne, ya ɗan girme ni. Alhaji bai ja shi gefe ba. A ƙofar masallaci bayan la'asar ya karɓi makulli, ya ce man da katafilar ke sha ya wuce hankali, kullum ƙaruwa yake, kuma inji ba ya da aljihu. Kafin magariba maganar ta kai har unguwar Moshi Zango. A sana'ar nan, direban da aka kira ɓarawon mai ya gama aiki, domin masu injuna sun san juna kuma babu mai ba shi makulli.

Katafilar ta zauna a ramin jan ƙasa a bayan gari, ba mai taɓa ta. Da Alhaji ya sami sabon direba, sai ya aiko a kira ni in duba ta kafin ya miƙa. Da safen da zan tafi, maƙwabcina ya tsaya a ƙofar gidana ina ɗaure akwatin sufana a bayan babur.

Ya ce, "Masta, ka duba da kyau. Injin nan nawa lafiyayye ne. Tun da na hau shi allurar zafi ba ta taɓa tashi ba. Ko da rana tsaka, sanyi ƙalau."

Yabon injin yake yi. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai har na isa.

Ina da tsari a aiki, ba na tsallake shi ko mai inji na tsaye a kaina. Tunda maganar mai ake yi, da mai na fara. Na bi tanki da tiyo da filta da hannu, na kwanta a laka na duba ƙasan inji, babu yoyo ko ɗigo ɗaya. Na zaro sandar man inji. Man ya haura alamarsa, ya tsinke kamar ruwa, kuma warin dizal yake yi. Na hau sama na leƙa salansa, bakinta ya jiƙe da wani baƙin abu mai yauƙi, har ya zubo ta gefe ya bushe.

Sannan na tayar. Farin hayaƙi ya fito, mai yaji a ido. Da safe wannan ba abin mamaki ba ne, amma na sa ta haƙa, na loda ƙasa, rana ta ɗaga, hayaƙin bai washe ba, allurar zafi kuma tana kwance a ƙasa. Mita takan yi ƙarya, don haka ban yarda da ita ba sai da na gwada da hannuna. Na kama babban tiyon da ke kai ruwa radiyeta. A lafiyayyen inji tiyon nan yakan zauna da sanyi na ɗan lokaci, sannan ya yi zafi farat ɗaya har ka saki. Wannan tun daga farko yake ɗumi-ɗumi, kuma a haka ya tsaya, na riƙe shi kamar kofin kokon da ya huce.

Na kashe, na jira ta huce, na kwance murfin da tiyon ke shiga. Gurbin tamosta wayam.

Tamosta ɗan ƙaramin ƙarfe ne, aikinsa na mai tsaron ƙofa. Yana hana ruwa zuwa radiyeta sai inji ya yi zafin da ya dace, sannan ya buɗe. Dizal ba ya ƙonewa sosai a inji mai sanyi. Wani ya fita da hayaƙi, wani ya gangara cikin man inji, nozul masu fesa mai su daskare da baƙi, ƙarfi ya ragu, direba ya ƙara taka wuta. Man da Alhaji ke nema yana cikin salansa da kaskon inji.

Na san wanda ya cire shi tun kafin in tambaya. Gasket ɗin murfin, shimfiɗar da ke hana yoyo, da kwalin sabulu aka yanka shi, kusurwoyinsa a daidaice, irin yankan da ubangidana ya koya mana. Shi ya karɓi katafilar ranar da aka kawo ta daga tashar jirgin ruwa ta Tema. A Magazin al'ada ce, duk injin da ya sauka daga Turai abu na farko a zare masa tamosta a jefar, wai na ƙasar ƙanƙara ne. Haka muka taso muka gani. Ni sai da na yi aiki da wani kamfanin hanya na ga an hana, na kuma ga dalili.

A wurinmu ba a warware aikin ubangida sai an je an gaishe shi. Na rufe murfin yadda na same shi, na koma gari. Lokacin ubangidan nawa ya tsufa, ya bar gareji, yakan zauna a benci ƙofar gidansa da rediyo a cinya. Na cire takalmi, na durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan na jera masa abin da na gani, daga tanki har gurbin.

Ya ce, "Kai, a Kumasi ka taɓa ganin ƙanƙara, in ba a firij ba?"

Na ce, "Ban taɓa ba, Baba."

"To wane sanyi inji zai ji? Injin da na cire wa abin nan sun fi gashin kanka yawa. Wanne ya dawo ya ce mura yake yi?"

Mutanen da ke benci suka yi dariya. Na jira suka gama. Na ce masa ba gardama na zo yi ba, izini na zo nema, domin akwai magidancin da aka kira ɓarawo a ƙofar masallaci, kuma in na mayar da abin nan dole Alhaji ya tambayi wanda ya cire.

Ya rage muryar rediyo. Ya taɓa ganin inji ya tafasa har ya fasa kai saboda tamosta ya maƙale, ya sha ba mu labarin, kuma gaskiya ne hakan na faruwa in abin ya tsufa.

Ya ce, "Ka sa. In ta tafasa kada ka aiko mini. In Alhaji ya tambaya, ka ce ni ne. Ban taɓa ɓoye aikina ba."

Na sayo sabo a Magazin, na jefa shi a tukunyar mai shayi da ruwan zafi, na ga ya buɗe da idona kafin in ɗaura. Na zubar da man inji na sa sabo, na kai nozul aka wanke. Da na tayar, allura ta hau a hankali ta tsaya a tsakiya, hayaƙi ya washe.

Na sami Alhaji a shagonsa kusa da kasuwar Kejetia, yana tsince goro a kan ganye. Na yi masa bayani da tsari. Ya saurara, amma bai yarda da baki ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya sa wa tanki kwaɗo, makulli a aljihunsa, shi da kansa yake zuwa a zuba mai da safe, sabon direban ya yi aiki. Bayan 'yan kwanaki ya aiko a kira ni tare da maƙwabcina.

Mu uku ne a shagon. Alhaji ya ce man ya koma yadda yake da farko.

Ya tambaye ni, "Wato bai ɗauka ba ke nan?"

Na ce, "Alhaji, ni ba na ramin ƙasa lokacin da yake aiki. Abin da na sani, man da ka ce ya ɓace, injin nan ya isa ya cinye shi."

Maƙwabcina ya kalle ni. Ya so in faɗi fiye da haka, na sani. Amma abin da ban gani ba ba na shaidarsa, ko ga ɗan'uwana.

Alhaji ya ciro makulli ya ajiye a kan tebur, ya ce a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne, gobe ya koma bakin aiki, sabon direban kuma zai san yadda zai yi da shi. Maƙwabcina bai miƙa hannu ba.

Ya ce, "Alhaji, ba a nan ka karɓa ba."

"Haba, kai ma. Yanzu sai na tara jama'a?"

"Ranar ma ba ka tara su ba. Suna nan ne kawai."

Alhaji ya ɗauki goro ya ɓare, bai ci ba. Ya ce zai duba. Muka fito ba makulli. A hanya maƙwabcina ya kau da kai, na hau babur, shi ya shiga torotoro, motar haya.

Juma'a ta wuce, ba a ce komai ba. Ina jin matarsa ta bayan katanga tana cewa ya je ya karɓa kawai, yara ba za su ci suna ba. Bai je ba. Ni ma ban ba shi shawara ba, domin ba ni aka zaga ba.

Wata la'asar, ana yayyafi, mutane sun tsaya a barandar masallaci suna jiran ruwa ya ɗauke, Alhaji ya kira maƙwabcina da ƙarfi. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce an duba, ciwo ne a injin, wanda bai gane ba ya tambayi fitan da ya gyara, ga shi nan tsaye. Ya miƙa makulli da hannu biyu. Waɗanda suka ji ranar ba su kai rabin waɗanda suka ji na farko ba. Maƙwabcina ya duba barandar, ya duba wanda yake nan da wanda ba ya nan, sannan ya karɓa ya sa a aljihun rigarsa. Wani tsoho mai ɗinki ya matso kusa da ni ya ce in sake faɗa masa, a hankali, yadda sanyi ke shan mai.