Shekarar da Turai ta ƙi riɗinmu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya ɗauke mini shekarar da muka noma riɗi don a kai Turai. Lokacin ina cikin wata ƙungiyar mata manoma a nan Matameye, kuma da yake na ɗan yi lakkol, wato makarantar boko, ni ce mai fassara idan baƙi sun zo.

Wata baturiya ce ta zo mana gabanin damina. Ta ce kamfaninsu zai sayi riɗinmu da daraja, amma da sharaɗi: ba feshin maganin ƙwari, ba sare gawo a gona, ba cire yara daga lakkol su yi noma, kuma shugabanni sai an zaɓe su da ƙuri'a. Muka yi ta guɗa. Mu a ganinmu wannan ai ba wuya.

Wallahi mun cika alkawari. Ganyen dogon yaro muka dinga dakawa muna jiƙawa, muna yayyafa wa shuka har hannuwanmu suka yi ɗaci. Hajiyar da ta daɗe tana jan ragamarmu ta faɗi zaɓe, ta haɗiye, ta ci gaba da zuwa taro. Akwai wata ƙawata daga wajen Dungu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita duk gonar hatsinta ta mayar ta riɗi. Na ce mata, "Yaya, ki rage ko gefe ɗaya mana." Ta yi dariya ta ce, "Ke dai bari, bana sai na yi wa ɗakina rufin kwano."

Riɗi ya yi kyau, fari tas. Muka kakkaɓe, muka sheƙe, muka zuba a buhuna. Wurin ajiya ne ba mu da shi, sai wani Alhaji ya ara mana magazarsa ta siminti, inda yake tara wake. Aka ɗibi kaɗan aka aika can ƙasarsu a auna, don mu nan ba mu da na'urar.

Bayan makonni baturiyar ta dawo fuska ba walwala. Ta ce an sami ɓurɓushin guba a riɗin, dokarsu ba za ta bari ya shiga ba. Ni ce na fassara wannan maganar. Mata suka hau rantsuwa cewa ba su fesa komai ba. Baturiyar ita ma ta ruɗe, ta ce a kai ta wurin ajiyar. Muna shiga wari ya gaya mana komai: maganin da ake zuba wa wake ne ya kama buhunanmu. Ta tsinci wata kwalba a lungu, ta juya ta, ta daɗe tana karantawa.

Hajiya ta ce, "'Yata, tambaye ta me ta gani."

Baturiyar ta ce, a hankali, "A wajenmu ake yin wannan. An hana manomanmu amfani da shi, amma ba a hana sayar muku ba."

Na mayar da maganar da Hausa. Hajiya ta ce, "To su suka yi, su suka aiko, kuma mu ne masu ƙazanta?" Baturiyar ba ta musa ba. Ta ce can idan manomi ya bar magani hukuma ce ke tallafa masa, ga rumbuna masu tsabta, ga masu aunawa kusa da shi. Ta yi hawaye, ta ba mu haƙuri, ta shiga mota.

'Yan kasuwa daga ƙetaren iyaka suka kwashe riɗin yadda suka ga dama. Ƙungiya ta watse. Ƙawata kuwa rumbunta ba ko zangarniya. Kafin bazara ta kai yara gidan mahaifiyarta, ta bi motar Agadas da niyyar Aljeriya, kamar yadda mata da yawa na yankinmu suke yi. Ta kira ni sau ɗaya daga hanya. Har yau ban sake jin muryarta ba.

Ban taɓa cewa sharuɗɗan ba su da kyau ba. Mu ma ba ma son guba a cikin 'ya'yanmu. Abin da na koya shi ne, idan mai hali ya kawo maka ƙa'idarsa, kafin ka ce to, tambaye shi wa zai ɗauki asara idan abu ya ɓaci. Mu ba mu tambaya ba, kuma wadda ta fi kowa rauni a cikinmu ita ta ɗauka.